Kafin ka biya kuɗin haya, da bayan ka tare: yadda za ka zauna lafiya kuɗin baɗi ma ya fito

Gida huɗu na zauna a Kano kafin na gane cewa ranar da ka biya haya ka karɓi mukulli, a ranar ne hayar baɗi ta fara ƙirga. Mu dai yawancinmu idan muka biya sai mu sauke ajiyar zuciya mu ce alhamdulillahi an huta sai wata shekarar, toh wata goma sha biyu kuwa kamar yau ne, kana zaune za ka ga saƙon mai gida ya shigo waya wai saura sati uku, daga nan a shiga buga waya ana neman rance, ko uwargida ta fito da ɗan kunnenta a kai kasuwa. Na sha ganin haka, ni ma ta taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake son mu bi abin daki-daki tun daga neman gidan har ranar da za ka miƙa mukulli ka fita.

Mataki na farko: lissafi kafin dillali

Kar ka kira dillali sai ka zauna da biro da takarda. Abin da mai gida ya faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba, wannan kan gaba ne kawai. Akwai la'adar dillali wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, wani gidan akwai kuɗin takardar yarjejeniya, wani kuma a ce ka ajiye kuɗin ɓarna wanda za a mayar maka in ka tashi ba ka lalata komai ba, ga motar kwasar kaya, ga fenti, ga labule da ba lallai na tsohon gida ya dace da tagogin sabon ba.

Bayan waɗannan akwai guda uku da suke cin mutum a hankali bai sani ba, wato ruwa da wuta da kuɗin mota. Bari in ba ka misali da lamba don abin ya fito. A ce ka ga ciki da falo na naira dubu 600 kusa da wajen aikinka, ka ga wani na dubu 400 can bayan gari, ranka zai ce ai na biyun ya fi sauƙi. To amma idan zama a can zai ƙara maka naira dubu ɗaya kullum a adaidaita sahu, kwana 26 a wata, a shekara ka kashe dubu 312 a titi, ban da gajiya da makara, ban da kuɗin kai yara makaranta. Kaga mai arhar ya koma mai tsada. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 nisa ya zama kuɗi, duk wanda bai sa shi a lissafi ba zai ji a jikinsa.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, raba hayar gida 12, in abin da ya fito ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu a wata, wannan gidan ya fi ƙarfinka ko da kana da kuɗin biyan shekarar farko a hannu. Kashi ɗaya cikin huɗu ya fi kwanciyar hankali. Nasan da wuya, musamman ga mai albashi mafi ƙanƙanta da yake dubu 70 da ɗoriya, amma gara ka zauna a ɗaki biyu kana barci da ka zauna a filat kana ɓuya in an ƙwanƙwasa ƙofa. Angwaye sun fi faɗawa wannan ramin, saboda kayan ɗakin amarya ake kama gida ba saboda aljihun ango ba, shekara na zagayowa a fara neman inda za a jibge kujeru.

Mataki na biyu: duba gida da idon mai zama, ba na baƙo ba

Nan ne zan fi daɗewa don nan aka fi cutuwa. Gida na biyu da na kama, cikin watan Maris na gan shi, an sha sabon fenti, tsakar gida fes an share, na biya a ranar. Ruwan Agusta na sauka muka kwana muna kwarfe ruwa da bokiti da faranti, ashe tsakar gidan ya fi titi ƙasa, kwatar unguwar in ta cika cikin gidanmu take dawowa. Katifa ɗaya da buhun shinkafa rabi haka muka yi asararsu. Da safe wani dattijo maƙwabcinmu ya nuna min jikin katangar waje ta baya wadda ba a yi wa fenti ba, ga layin ruwan bara nan a kwance ya kai gwiwa. Da na zagaya baya tun farko da na gani.

Don haka in da hali ka duba gida da damina, in kuma da rani ne ka nemi shaidar damina. Ɗaga kai ka kalli silin, duk inda ka ga taswira ruwan kasa-kasa to kwano na yoyo a wajen. Shafa ƙasan bango da hannu, in fenti na kumbura yana zubowa kamar gari, danshi ne yake tasowa daga ƙasa, zai ci maka bayan kujera da kwaba, kuma mai asma ba zai ji daɗin ɗakin ba. Tsaya a bakin ƙofa ka gwada tsayin gidan da na titi.

Shiga banɗaki ka zuba ruwa bokiti guda ka tsaya ka ga yadda yake wucewa. Tambayi ina sokawe take, yaushe rabon da a kwashe, kuma nawa ne tsakaninta da rijiya in gidan na da rijiya, don in sun yi kusa ruwan ba na sha ba ne. Buɗe kowane famfo. Tafi da cajar wayarka ka soka a kowane soket in akwai wuta, wanda ka ga bakinsa ya yi baƙi ko ya narke alama ce wayarin ɗin gidan na da matsala. Buɗe ƙofofi da tagogi ka rufe, duba ragar sauro, duba ko waya na samun sabis a cikin ɗaki.

Sai ka sallami dillali ka dawo kai kaɗai, sau biyu, ɗaya da yamma ɗaya da dare bayan isha. Zauna wajen mai shayi ko mai kanti na kan layin ka sayi wani abu ku yi hira. Awa nawa ake samun wuta? Taransifoma ta taɓa lalacewa, wata nawa ta yi kafin a gyara? Ruwan famfo na zuwa ko sai 'yan garuwa, nawa jarka da bazara? Ana shigowa sata? Me ya tashi wanda ya bar gidan? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi, in ka samu mutumin da kansa ma ya fi, minti biyar da shi ta fi awa guda da dillali.

Batun mita kuwa dan Allah kar ka yi wasa da shi. In gidan na da mitar kati, karɓi lambarta ka je ofishin kamfanin wuta na yankin, a Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ke nan, ka tambaya ko akwai bashi a kanta. In akwai tsohon bashi, duk sanda ka sayi kati za a riƙa yankar wani abu, ka biya kuɗi da yawa ka ga yunit kaɗan. In kuma babu mita sai bil na ƙiyasi, ka ce a nuna maka bil na ƙarshe da rasidinsa. Duk bashin da aka samu a daidaita shi da mai gida kafin ka biya haya, ko ya biya ko a rubuta za a cire daga kuɗinka. Ka kuma tambayi layin wane rukuni ne, tunda a watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin 'yan Band A ya haura naira 200 kowane yunit, su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Wutar da daɗi amma kati na gudu, gara ka sani tun kafin ka shiga.

Mataki na uku: wa za ka ba kuɗin, kuma me aka rubuta

Kar ka ba dillali kuɗin haya. La'adarsa tasa ce ka ba shi, amma hayar a hannun mai gida ko wakilinsa da ka tabbatar za ta shiga. An sha karɓar kuɗin mutum uku a kan gida ɗaya, kowa ya zo da motar kaya su haɗu a bakin ƙofa. Ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi maƙwabta ko shi ne, in abin da shakka ka leƙa wajen mai unguwa, ba ya rasa sanin masu gidajen unguwarsa. Gidan gado a ƙara kula, wani lokacin ɗaya daga cikin magada ne zai sa haya sauran ba su sani ba, ko ana shirin sayarwa a raba, kana wata huɗu a ce ka tashi.

Ka biya ta banki da sunan mai gidan, a wajen bayani ka rubuta hayar gida daga wata kaza zuwa wata kaza, sannan ka karɓi rasidi na takarda. Alat shaida ce, rasidi ma shaida ce, riƙe duka biyun ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka a imel ko WhatsApp don waya na ɓata.

Sai takardar yarjejeniya. Mutanenmu na jin nauyin wannan, wai kamar ba ka yarda da mutum ba, musamman in mai gidan dattijo ne ko abokin babanka. Ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni take yi a rubuta bashi a kafa shaidu, saboda haka babu abin kunya. Ka ce masa, Baba don halin rai ne, yau da gobe sai Allah, kar 'ya'yanmu su zo suna musu a bayanmu. Ban taɓa ganin dattijon kirki da ya ƙi wannan maganar ba. Ko a takardar makaranta aka rubuta da Hausa, in da sa hannunku da na shaidu biyu ta fi babu nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata ya fito a ciki: sunayenku, adireshin gida da yawan ɗakuna, nawa aka biya, ranar farawa da ranar ƙarewa, gyara wanne ne na mai gida wanne ne naka, wa zai kwashe sokawe, notis na wata nawa za a ba juna, in za a ƙara haya wata nawa kafin lokaci za a sanar da kai, da kuma sharaɗin mayar da kuɗin ɓarna. Karanta kafin ka sa hannu, in da Turanci ne na lauya ka ba wanda ya iya ya fassara maka layi-layi.

A dokar Abuja da ta Legas, in ba ku rubuta wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗinsa wata shida ne, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, kowace jiha kuma da tata dokar. Amma ka lura, abin da kuka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa, in takarda ta ce wata ɗaya ka yarda, to wata ɗayan ne.

Ranar da aka ba ka mukulli, kafin tsinke ya shiga gidan, ɗauki bidiyo ɗaki-ɗaki. Tayil ɗin da ya fashe, gilashin da ya tsage, ƙofar da ba ta da sakata, lambar da ke kan mita, duka. Tura wa mai gida a ranar cikin ladabi ka ce ga yadda na samu gidan. Sannan ka canja kwaɗo ko kan mukullin ƙofar waje, ba ka san mutum nawa ke da sifiya ba.

Mataki na huɗu: asusun haya tun watan farko

Raba hayar 12, ka ƙara ɗan wani abu a kai saboda da wuya shekara ta zagayo ba a yi ƙari ba. Mai hayar dubu 600 ya riƙa cire dubu 55 ko 60 duk wata, ranar da albashi ya shigo ba ranar da ya kusa ƙarewa ba. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ya mayar da shi na kullum, dubu biyu a rana ta kai shi. A ajiye a wani asusu daban da ba ka da katinsa a aljihu. Masu adashi su roƙi a sa kwasarsu ta faɗo wata ɗaya kafin haya ta ƙare, amma a yi da mutanen da aka sani, uwar adashi mai amana.

Za ka ce ina za a samo wannan kuɗin bayan albashin ko abinci ba ya kaiwa. Gaskiya ne ba duka zai fito ba, amma wani kaso mai kauri yana nan cikin gidan yana zuba ta famfo da soket da murhu.

Wuta

Fara da ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 in ya yi awa shida kullum, a wata ya sha yunit kusan 11. LED mai wat 9 da haskensu kusan ɗaya, yunit ɗaya da rabi da 'yan kai zai sha. Gida mai ƙwai shida bambancin ya kai yunit 55 a wata, a Band A wannan ya haura naira dubu 11. Ka sayi masu kyau ko da ɗaya-ɗaya ne, in za ka tashi ka cire abinka ka mayar da waɗanda ka tarar.

Amma manyan ɓarayin kati su ne duk abin da ke yin zafi: hita, ketil, dutsen guga, hot filet. Hita mai wat 1500 awa ɗaya yunit ɗaya da rabi ce, daidai da abin da LED ɗin can zai sha a wata guda. Da hunturu a dafa ruwa sau ɗaya a cika fulas manya, a riƙa sirkawa, ba kowa ya tashi ya jona nasa ba. Guga a tara ta sati a yi lokaci ɗaya, kayan da ba sa son zafi a bar su ƙarshe bayan an zare soket. Firij kar a sa masa abinci da zafinsa, a matsar da shi daga bango kaɗan ya sha iska, a gwada robar ƙofar da takarda, in ka rufe a kanta ka ja ta zare salin-alin to sanyi na fita, a canja robar. Fanka a ɗakin da ba kowa kashe ta, ba ɗaki take sanyayawa ba, jikin mutum take fifitawa.

Ka saba duba mita kowace safiya na sati ɗaya kana rubutawa, za ka san abin da gidanka ke ci a rana. In wata rana ka kashe komai ka ga har yanzu tana tafiya, akwai wanda ke jone a layinka, shagon waje ko ɗakin maƙwabci, a kira mai gyaran wuta ya bi waya. A gidan yawa da ake mita ɗaya, rigimar wuta ta raba zumunci ba adadi, maganinta kowane ɗaki ya sa ƙaramar mita tasa, ko tun farko a zauna a ƙirga kayan wutar kowa a yanka kuɗi a kan haka. Shi kuma wanda zai zo ya ce zai yi maka dabara wuta ta zagaye mita, ka ce masa a'a. Haram ce, laifi ne da ake cin tara mai nauyi, kuma irin wannan jone-jonen ne ke tada gobara cikin dare a gidan da ba naka ba.

Janareta kuma a waje, nesa da taga, kar a taɓa kwana da shi a cikin gida ko a lungun da iska ba ta ratsawa don tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa akwai gubar da ba ta da wari, iyali guda sun sha kwanciya ba su tashi ba. Haka gawayi a kurfoti cikin ɗaki a rufe da sanyi, hatsarin ɗaya ne.

Ruwa

Wanda ke sayen ruwan garuwa ya san zafinsa. A ce jarka takwas kuke sha a rana a kan naira ɗari-ɗari, a shekara kusan dubu 290 ke nan, rabin hayar wani. Famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da abin da ya kai jarka guda a yini, alhali 'yar robar ciki ce ta mutu, kuɗinta bai kai na lemon kwalba biyu ba. Tankin masai na zamani ma yana yoyo a ɓoye, sa kunne da dare in kana jin shuuu a canja abin ciki. In gidan na da bohol da tankin sama, a sa abin da ke tsayar da ruwa in ya cika, ko a san minti nawa yake ɗauka a riƙa saita ƙararrawar waya, ba sai an ji yana ambaliya a kan kwano ba, nan asara biyu ce, ga ruwa ga wuta.

Uwargida, ruwan ɗaurayar wanki na ƙarshe kar a zubar, ya yi mopin ya yi wankin banɗaki. Na wanke shinkafa da kayan miya a ba shuka ko dabba. Wanke-wanke a roba biyu, ɗaya kumfa ɗaya ɗauraya, ya fi a saki famfo. A koya wa yara alwala da buta madaidaiciya, ya tabbata Annabi (SAW) da mudu guda na ruwa yake alwala. Da damina a tara ruwan indararo a duro, a bar na farko ya wanke kwano ya wuce tukuna, a rufe duron ruf saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Murhu da rumbu

Gas ya yi tsada, saboda haka a fara daga wajen sayen. A jikin kowace tukunya an rubuta nauyinta in babu komai, ka tsaya a gaban sikeli ka ga an ɗora kilon da ka biya a kan wannan lambar, kar ka aika yaro ya miƙa ya koma gefe. A gida a gwada tiyo da kan tukunya da ruwan kumfa, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo, kar a kuskura a gwada da ashana. Wutar ta zama shuɗiya, in ta koma ja tana baƙanta tukunya a wanke kan murhun.

Girki kuma dabaru ne ƙanana. A jiƙa wake tun dare. A rufe tukunya. In ta tafasa a rage wuta, ƙara wuta ba ya sa ruwan da ke tafasa ya ƙara zafi, gas kawai yake ci. A gama yanka komai kafin a kunna. Ganda da ƙafar saniya da duk abin da ke daɗewa a kai su kan gawayi ko tukunyar firesha. Akwai wata dabara da na gani wajen wata gwaggona, shinkafa in ta tafasa ruwan ya kusa tsotsewa sai ta sauke ta naɗe tukunyar da tsohon bargo ta cusa a kwali, bayan rabin awa ta buɗe, ta nuna lugub kuma ba ƙanzo. Mun gwada a gida, yanzu haka muke yi wa shinkafa da wake.

Hatsi a saya da kaka in da hali, daga Oktoba zuwa Disamba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku je Dawanau ku ɗauki buhu ku raba, ya fi awon kullum a kanti. Wake a shanya shi ya bushe sosai a zuba a jarka mai murfi a cika ta har baki a toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ƙwari in ba iska mutuwa suke. Kar a zuba fiya-fiya a abincin da yara za su ci. Tumatir da tattasai lokacin da na rani ya cika kasuwar 'Yankaba ya yi arha, a yanka a shanya a yi kauɗa, ko a niƙa a dafa ya kafe a zuba a kwalba, da damina za ki gode wa kanki. A auna girki da yawan bakin da ke gida, wanda ya kwana a yi ɗumame.

Mataki na biyar: riƙe gidan mutane da amana

Gidan nan wani ne ya tara guminsa ya gina, wataƙila ma marayu ne ke ci daga hayar. Abin da ka lalata kai za ka gyara, ƙwai, kan famfo, sakata, gilashin da yaro ya fasa. Abin da ya shafi ginin kansa, kwano, katanga, rushewar sokawe, na mai gida ne sai in kun rubuta wani abu daban. Da ka ga ɗigo a silin ka sanar a ranar da hoto, ƙusa ɗaya ce yau, in ka bari damina ta wuce katako ne zai ruɓe. In ya ce ka gyara a cire a haya, ya rubuto maka a saƙo da adadin kuɗin kafin ka kira kafinta, ka ajiye rasidin kaya. Kar ka fasa bango ko ka ƙara ɗaki ko ka sa wani haya a ciki ba da izini ba. Kar a zuba mai da dusar abinci a sinki, kar a jefa famfas da audugar mata a masai, su ke toshe bututu su cika sokawe kafin lokaci. A gidan yawa ku yi jadawalin shara da wankin banɗaki ku manna a bango, ranar taka in ta zo ka yi ba sai an tuna maka ba.

In shekara ta zo da matsala ka ga kuɗin ba zai cika ba, kar ka jira ranar, kar kuma ka kashe waya. Je ka same shi wata biyu kafin lokaci da abin da ka tara a hannu, ka ce Alhaji ga rabi, ragowar ina roƙon zuwa ranar kaza, kuma ranar in ta zo ka cika ko da rance ne. Masu gida da yawa ba rashin kuɗin ne ke tunzura su ba, ɓuya da ƙarya ne. In kuma aka samu wanda ya ce zai cire kwano ko ya watso maka kaya titi, doka ba ta ba shi wannan ba, sai ya ba da notis ya je kotu ta yanke. Kai dai kar ka biye masa da faɗa, tattara takardunka ka fara da mai unguwa ko dattawan masallaci, in ba a daidaita ba ka nemi lauya.

Ranar tashi

Ka ba da notis yadda aka rubuta, a rubuce. Sati ɗaya kafin ka fita ka toshe ramukan ƙusa, ka gyara abin da ya lalace a hannunka, in yara sun zane bango ka shafa fenti. Biya kuɗin wuta da na ruwa da na shara da na 'yan sintiri har watan ƙarshe, ka leƙa wajen mai kanti da mai garuwa ka goge ɗan bashin da ke littafi. Bayan an kwashe kaya a share gidan a wanke banɗaki, sannan ka kira mai gida ko wakilinsa ku zaga tare da bidiyon ranar farko a hannunka, ɗaki-ɗaki kamar yadda ka ɗauka. Ku rubuta lambar da mita ta tsaya a kai, ya sa hannu cewa ya karɓi gida lafiya ba ka da bashi, ka karɓi kuɗin ɓarnarka ko a sa ranar da za a ba ka, ka ƙirga masa mukullai har da sifiya. Ita wannan 'yar takardar ka adana ta tare da rasidanka, in mai sabon gidan ya tambayi inda ka fito ita za ka nuna masa.